Yadda nake haɗa sabulun madarar akuya

'Yan uwa, awakinmu na nan Aboabo a Kumasi basu da nono sosai, sai na tara na kwana biyu kafin in samu giram 170. Ki fara sa shi a firij ya zama ƙanƙara, in ba haka ba kostik soda (sodar yin sabulu) zata ƙona shi ya koma ruwan ƙasa da wari. Ki sa safar hannu, ki riƙa barbaɗa kostik soda giram 70 kaɗan kaɗan akan ƙanƙarar kina juyawa, a roba mai kauri fa, banda tukunyar dalma. Narkar da man kaɗanya giram 300 da man kwakwa 200, duk akwai a kasuwar Kejetia, ya huce sai ki haɗa da nonon mai soda kiyi ta juyawa har yayi kaurin koko, hannu zai gaji kam. Zuba a mazubi, bayan kwana 2 ki yanka, ki shanya a inuwa sati 4 zuwa 6 kafin wanka.