Zafin salansa bayan sabis: ashe kilif ne

Bayan na yi wa a-kori-kurata mai shan dizal sabis, juyen baƙin mai da sabuwar filtar iska, sai agogon zafin salansa ya riƙa kai digiri 700 a hawa, alhali da 580 yake tsayawa. Ga baƙin hayaƙi, mota ba ƙarfi.

Na mayar da tsohuwar filta, ba canji. Na zargi nozul, masu fesa mai cikin inji, lafiyarsu lau.

Da na shafa tiyon da ya fito daga intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, sai na ji maiƙo a bakinsa. Ashe kilif ɗinsa, ƙarfen da ke matse bakin tiyon, aka bari a kwance, iskar turbo na zurarewa, mai ya fi iska yawa. Na cire tiyon, na goge bakin, na tura shi har ƙarshe, na ɗaure da sifana mai lamba 8. A hawan nan dai, da kaya, 580.

Alhamdu lillahi, na huta.