Inda kuɗin girkin Sallah ke zurarewa: kurakuran da muka fi yi a kicin

Sallar farko da na yi a ɗakina, kwano huɗu na shinkafar tuwo na jiƙa don waina. Mu biyu ne a gidan, sai ƙanwar maigida da aka turo ta taya ni aiki. Da hantsi Goggo, ƙanwar mahaifina, ta leƙo, ta tarar da ƙullu ya cika roba yana malala ƙasa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, unguwar za ki ciyar gaba ɗaya, ko sana'a kika fara ba mu da labari?" Na yi ta suya har azahar, bayana ya ƙage, na aika wa maƙwabta na dama da na hagu, amma kafin la'asar sauran ƙullun ya yi tsamin da ko kanwa ta kasa gyarawa. Kusan rabinsa na tuttular a kwata da hannuna.

Muna yawan ɗora laifin tsadar girkin Sallah a kan kasuwa, kuma da gaskiyarmu, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba, daga shinkafa har gawayi. Sai dai wani kaso mai tsoka na kuɗin cefane ba a kasuwa yake salwanta ba. A gida yake zurarewa: abin da ya ƙone, abin da ya yi tsami, abin da aka dafa babu mai ci. Wannan kason kuwa yana hannunmu.

Kuskure na farko tun kafin a hura wuta ake yin sa, wato barin cefane sai jajibiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar jajibiri kowa na kasuwa, mai kayan miya ya san ba ki da zaɓi, mai markaɗe layinsa ya kai bakin titi, mai kaji ba ya ko ɗaga kai ya saurari tayi. Duk abin da ba ya lalacewa, irin su shinkafa, fulawa, sukari, man gyaɗa, gyaɗar miya, zoɓo, citta, kanumfari da daddawa, a saye shi tun da sauran mako biyu ko uku. Idan kuna Kano kuma kuna da 'yan uwa ko maƙwabta da kuke shiri, ku haɗa kuɗi a sayo buhu a Dawanau ko katan a Singa ku raba. Farashin kwano a shagon unguwa daban, farashinsa daga buhu daban.

Tumatir kuma lissafinsa na kalanda ne. Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato daidai lokacin da tumatir ɗin noman rani na su Kadawa da Kura ya ƙare, na damina bai zo ba, kwando ya yi tashin gwauron zabi. Wadda ta tuna 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, ta san yadda ake miya da tumatir huɗu ana lallaɓa su kamar ƙwai. Maganin shi ne a saya lokacin da ya yi araha, wajen Janairu zuwa Maris, a yanka a shanya ya zama kauɗa, haka tattasai da attaruhu. Masu ƙyamar kauɗa yawanci ba su iya sarrafa ta ba ne. A wanke ta sau biyu ko uku don ƙasa ta fita, a jiƙa a ruwan zafi har ta yi laushi, a markaɗa da albasa mai yawa da ɗan ɗanyen tattasai. Ba kowane baƙo ne zai gane ba.

Sai batun yawa da iri-iri. Kafin ki jiƙa komai, zauna ki ƙirga bakin da zai ci a gida da kwanukan da za su fita: na iyaye, na surukai, na maƙwabta. Ki tuna kuma kwanon da ya fita ba ya dawowa haka nan, wani abincin zai shigo. Gidaje nawa ne ke kwana da kuloli biyar na abincin mutane ba a ko buɗe ba? Ni dai na daina yin tuwo da waina da sinasir da funkaso da soyayyar shinkafa duk a rana ɗaya don kawai na ga wance ta ɗora hoton teburinta a WhatsApp. Abu biyu masu kyau da miya ɗaya da ta amsa sunanta sun fi abu shida da aka yi a gaggauce. Ba banza ba ake cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Waina

A nan aka fi yin asara, don idan ƙullu ya ɓaci ya ɓaci da shinkafa da mai da sukari da wahalar kwana guda.

Na farko, shinkafar. Ta tuwo ake so, fara ɗanya, ba wadda aka turara ba. Wadda aka turara ba ta ba da ƙullu mai danƙo, wainar sai ta riƙa wargajewa a tanda. A jiƙa ta kwana. A cikin kowane gwangwani huɗu, a ware kamar rabi zuwa ɗaya a dafa shi luguf, a bar shi ya huce sarai, sannan a haɗa da jiƙaƙƙiyar a kai markaɗe. Wannan dafaffiyar ita ke ba waina laushin ciki. Idan babu ita, waina ta fito da tauri. Idan ta yi yawa, cikin ya caɓe ya ƙi soyuwa.

Ki bi yaron da kika aika da gargaɗi, ko ki je da kanki, don masu inji suna da saurin ambaliya wa ƙullu ruwa, wani lokaci ma a kan ragowar markaɗen attaruhun wata. Ƙullu mai kauri ana iya sassauta shi a gida, amma wanda ya tsinke sai an nemo garin shinkafa an ceto shi.

Yis abu ne mai rai. Ruwan zafi yana kashe shi, tsohon da ya daɗe a buɗe kuma ya riga ya mutu. Gwada shi tukuna: ɗan ruwa mai ɗumi a kofi, ɗan sukari, a zuba yis, a jira minti goma. Idan bai yi kumfa ba, kada ki ɓata ƙullunki da shi. Sannan a duba yanayin gari. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah a tsakiyar bazara take faɗowa, ta 2025 ma ranar 30 ga Maris aka yi ta. A irin wannan zafin ƙullu yana tashi cikin 'yan sa'o'i, saboda haka wadda ta kwaɓa tun bayan isha'i ta ce sai an sauko daga idi za ta soya, tsami za ta tarar. Lissafin hunturu daban ne, shi ne ake rufewa a kai ɗaki mai ɗumi a bar shi ya kwana. Idan tsamin kaɗan ne, ɗan ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace yana kashe shi, amma da cokali ake sawa ana ɗanɗanawa. In ta zarce, wainar ta yi rawaya ta ɗauki warin kanwa.

Wajen suya, wuta matsakaiciya. Wuta mai ƙarfi takan ba ki waina baƙa a waje ɗanya a ciki. Mai kuwa ɗan ɗigo ya isa kowane gurbi idan tandar ta yi zafi kafin a zuba. Masu cika gurbi da mai suna ƙarar da kwalba a banza, mai ci kuma ya gaji tun a ta uku.

Miyar da za ta raka ta, in dai taushe ce, ita ce miyar mai ƙaramin ƙarfi a lokacin tsadar tumatir, don kabewa ce ke ɗauke nauyin. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba alayyafo da yakuwa tun da wuri su dahu su yi baƙi. Ganye a ƙarshe yake shiga, minti kaɗan a sauke. Niƙaƙƙiyar gyaɗa kuma a dama ta da ruwa kafin a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa, don tana kama gindin tukunya, kuma ƙaurin gyaɗa ba ya ɓoyuwa. Ba sai tsoka ba: ƙashi mai ɓargo da daddawa mai kyau sun fi ba taushe daɗi. Miyar gyaɗa ba ta jure zafi, in za ta kai dare sai an sake tafasa ta da la'asar.

Miyar dage-dage ma tana shan mai ne saboda ana juye ɗanyen markaɗe cikin mai, ruwa na yaƙi da mai, ana ta ƙarawa. Tafasa markaɗen shi kaɗai har ruwansa ya ƙone ya yi kauri, sannan ki soya. Man da za ki sa bai kai wanda kika saba ba, kuma tsamin zai tafi ba tare da an loda kanwa ba.

Nama

Idan kuɗin kaji ya gagara a Ƙaramar Sallah, watanda ba abin kunya ba ce. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa har da kayan ciki da ƙashi, ya fi sayen kilo a wurin mahauci ranar jajibiri. In kuwa kajin aka saya, a bambance: kazar gidan gona ba ta son doguwar dahuwa, tafasa kaɗan ta isa, in ba haka ba ta narke a mai. Kazar Hausa da zabo su ne masu son wuta.

Naman layya shi ne inda ake asarar da ta fi ciwo. Wata shekara na dogara da firji, na ƙulla ɗanyen nama a leda tun da ɗuminsa, na danna har murfi yana ƙin rufuwa. Wuta ta ɗauke a daren, ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Da na buɗe, na saman yana da sanyi-sanyi, na tsakiya ya canza launi, warin kuwa sai da muka kwana biyu muna turare. Cinya guda muka binne. Laifina ne: nama mai ɗumi da aka cusa wuri ɗaya ba ya yin sanyi har ciki, ko da akwai wuta.

Abin da iyayenmu ke yi shi ne daidai. A rataye nama a inuwa inda iska ke ratsawa ya tsane, kada a tara shi a baho a rufe. A fara da kayan ciki a ranar, hanta da huhu da tumbi da hanji, don su ne masu saurin lalacewa. Kai da ƙafa a babbake a kankare. Sauran a tafasa da gishiri, albasa, citta, tafarnuwa da masoro, da ruwa kaɗan, don naman zai fitar da nasa. Romon da ya rage kada a zubar, shi ne miyar gobe da dafa-dukan jibi. Kitsen ragon a yayyanka a narka shi, ya rage miki sayen man suya.

Suyar ajiya ba irin ta ci yanzu ba ce. Sai kumfar man ta kwanta, ƙarar ta ragu, naman ya yi duhu ya bushe har ciki. Wanda aka kwashe da sauran ruwa a cikinsa zai yi fumfuna cikin 'yan kwanaki. A baza shi a tire ya huce gaba ɗaya kafin a rufe, don gumin murfi shi ne mafarin ɓaci. Sannan a kafa doka a gida: babu mai sa jiƙaƙƙen hannu, da busasshen cokali ake ɗiba. (Dokar da ta fi wuyar kafawa ke nan, musamman a gidan da ke da samari.) Dambun nama ya fi kowane auki da daɗewa, amma tsoka zalla yake so. Kitse da jijiya suna hana shi dakuwa, suna kuma sa shi saurin wari. A soya shi a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa har ya yi wasar-wasar.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Cincin da aka cika wa bota yana farfashewa ya sa mai kumfa, wanda aka cika wa sukari kuma yana ƙonewa kafin ya soyu. A kakkaɓe garin fulawar da ke jikinsa kafin a zuba, don shi ke baƙanta mai. Man da aka soya cincin a tace a yi suyar nama da shi, amma ba a yin akasin haka. Kunun aya ba ya wuce 'yan sa'o'i babu sanyi, saboda haka in ba ki da tabbacin ƙanƙara, yi zoɓo, ki dafa shi da ɓawon abarba da aka wanke da citta da kanumfari, ki bar sa sukari sai wanda za a sha a lokacin. Ganda, ƙafar sa da tuwon taro a ɗora su a gawayi, a bar gas don abin da ke son sauri.

Abin da ya kwana kuma ba shara ba ne. Shinkafa da miya a tafasa su sosai kafin a kwanta, kada a bar su cikin kula har safe, don kula tana riƙe ɗumin da ke lalata abinci. Ƙanzon tukunyar tuwo a ɓamɓare a shanya, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Malmalar tuwon da ta rage a yanka ta a ruwan zafi da ɗan gishiri da safe, a ɗumama miya a zuba man shanu. A gidanmu, ɗumamen washegarin Sallah ne ake faɗa a kansa. Maigida yakan leƙo kicin tun kafin a sauke, ya ce, "Maman yara, a sa mini gefen da ya kama."