Idan Kana Son A Gyara Kundin Tsarin Mulkin 1999

Na taɓa kai takardar shawara wajen zaman sauraron ra'ayin jama'a, shafi goma sha biyu, ban ga alamar an karanta ba. Kada ka yi irin tawa. Shafi biyu sun isa: faɗi lambar sashen da kake so a taɓa, kawo kalmominsa na yanzu, sannan ka rubuta waɗanda kake so su maye gurbinsu. Daga nan nemi ɗan majalisar mazaɓarka ya ɗauki nauyin ƙudurin.

Sai lissafi, wanda sashe na 9 ya gindaya. Kana buƙatar sanatoci 73 cikin 109, da wakilai 240 cikin 360. In kuwa gyaran ya shafi babin haƙƙin ɗan Adam, sai an samu kashi huɗu cikin biyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne jihohi. Dole majalisun dokoki 24 cikin 36 su amince, kuma galibinsu fuskar gwamna suke kallo. Saboda haka fara zawarcinsu tun ƙudurin bai bar Abuja ba. Ta wannan hanya aka bi har Buhari ya sa hannu a Maris 2023 kan gyaran da ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa.