Yadda Za Ka Haɗa Fayil ɗin .ins na Korg M1 a Cakewalk

Tsohuwar M1 ta 1988, wato keyboard ɗin kiɗa na kamfanin Korg, tana da sautuka 100, amma Cakewalk, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, lambobi kawai zai nuna maka. Fayil ɗin .ins ne zai sa ya nuna sunayen sautukan.

1. Buɗe Notepad, ka rubuta .Patch Names, a ƙasansa [M1].
2. Jera sunayen, kowanne a layinsa: 0=Universe, 1=Piano 16', har zuwa 99. Ka kwafe su daga allon na'urarka, domin wataƙila mai ita na farko ya sauya wasu. Nan aikin yake, sai haƙuri.
3. Ƙara .Instrument Definitions, sannan [Korg M1], sannan Patch[*]=M1.
4. Adana shi da suna M1.ins.
5. A Preferences na Cakewalk, shiga Instruments, danna Define, sai Import, ka zaɓi M1.ins. Daga nan ka haɗa Korg M1 da ka shigo da shi da tashar MIDI (hanyar da kwamfuta ke aika wa kayan kiɗa saƙo) da M1 take kai.