Yadda za ka sa yara su so darasin tsirrai

Na daɗe ina koyar da 'yan aji uku da huɗu na firamare. Yaron da ya haddace "saiwa, kara, ganye" daga allo yakan manta kafin a tafi hutu, amma wanda ya tono saiwa da hannunsa sai ya riƙa ba da labarin a gida. Ga yadda nake yi, kuma ba sai an kashe ko sisi ba.

Fara da wake. Kowane yaro ya zo da ƙwaya uku da robar ruwa da aka yanke wa wuya. A naɗe tsohuwar jarida a zura ciki, a saƙala waken tsakanin takardar da jikin robar yadda za a riƙa ganinsa daga waje. Ruwa kaɗan za a zuba, takardar ta jiƙe kawai, don in ruwa ya sha kan waken ruɓewa zai yi. Kafin ka yi wani bayani, tambaye su: me zai fara fitowa, ganye ko saiwa? Yawancinsu ganye za su ce. Kada ka gyara musu. Cikin kwana 3 zuwa 5 farar saiwa za ta leƙo ta nufi ƙasa, su da kansu za su rugo suna "Malam, zo ka gani!" Daga nan a kwantar da roba ɗaya ta gefe, bayan kwana biyu za a ga saiwar ta lanƙwaso ta sake neman ƙasa. Wata kuma a kulle ta cikin kabad mako guda. Tsiron zai fito dogo, siriri, rawaya kamar mai jinya. Sai a lokacin ka kawo maganar hasken rana da abincin da ganye ke haɗawa.

Rana ta gaba a ɗaure farar leda a reshen darbejiya mai ganye da safe. Kafin a tashi, ɗigon ruwa ya taru a ciki. Bar su su yi gardamar inda ya fito.

Sai fita waje, kuma nan ne na fi jin daɗi. In akwai gawo kusa, a je gare shi sau biyu, da damina da rani. Da damina sauran bishiyoyi sun yi kore shar, shi kuwa ya kaɗe ganye, sai rani ya yi ya sake fitar da sabo. Shi ya sa manoma ke barinsa tsakiyar gona: ba ya yi wa gero inuwa lokacin noma, ganyen da ya zubar kuma taki ne. A nemi izinin mai gona a tuge gindin gyaɗa ɗaya, a wanke saiwar. Ƙananan ƙulluttukan da ke jikinta gidan wasu ƙwayoyin halitta ne masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, saiwar wake ma tana da irinsu, abin da ya sa ake haɗa wake da gero a gona ɗaya ke nan.

Kafin a fita dai a ja kunne: ba a sa komai a baki, ba a taɓa zaƙami, kuma ruwan tumfafiya in ya shiga ido yana lahani.

Aikin gida kuwa, kowa ya tambayi kakarsa sunan bishiya uku da amfaninsu. Washegari za ka ji kuka da tsamiya da ɗorawa da aduwa, har da sunan da kai malamin ba ka taɓa ji ba. Ka rubuta shi a allo tare da sunan yaron da ya kawo shi.