Yadda za ka gwada COBOL da RPG da sauran tsofaffin yarukan kwamfuta na kasuwanci

Wani ƙanena da ke HND a foli ta Waziri Umaru nan Birnin Kebbi ya zo shagona da asaimen, wai an ce su kwatanta tsofaffin yarukan kwamfuta na harkar kuɗi, wanne ya fi sauƙin karantawa wanne kuma ya fi farin jini. Ya kwaso shafi uku daga intanet ko karantawa bai yi ba. Na ce ajiye wannan, zo mu yi da hannu.

Da farko ka samo lissafi ɗaya ƙarami wanda kowa ya sani, mu dai na 'yan shinkafa muka ɗauka, buhu nawa, kuɗin buhu nawa, jimla nawa. Sai ka rubuta shi a kowane yare.

A COBOL layin zai zo haka: MULTIPLY BUHU BY KUDI GIVING JIMLA. Kamar Turancin 'yan firamare ko? Da gangan aka yi. Kwamitin CODASYL ne ya tsara shi a Amurka a 1959, sun ɗebo da yawa daga FLOW-MATIC na Grace Hopper, kuma burinsu ko manaja ya duba ya gane abin da ake yi da kuɗinsa. Amma kar layi ɗaya ya ruɗe ka, kafin ka iso wurin sai ka ratsa IDENTIFICATION DIVISION, ka zo DATA DIVISION inda za ka faɗi girman kowace lamba, misali PIC 9(7)V99 wato naira mai lamba bakwai da kwabo mai lamba biyu, sannan ka shiga PROCEDURE DIVISION, surutu ne da shi kamar dillali ranar kasuwar Jega, sai dai duk abin da ya faɗa a fili yake. Sauke GnuCOBOL, manhajar da ake gwada kod ɗin COBOL da ita, kyauta ce, ka gwada a laftof ɗinka.

RPG kuma na IBM ne, shi ma 1959. Tsohon salonsa fom ne kawai, kowane abu da gurbinsa a layi, BUHU nan, MULT can, KUDI, JIMLA, in ka goce da gurbi ɗaya shi ke nan ya ƙi. Sunaye ba sa wuce harafi shida, shi ya sa na sa KUDI ban sa FARASHI ba. Ga wasu alamomi daga 01 zuwa 99 da ake kunnawa ana kashewa, ka dawo bayan wata shida ka tarar da 47 a kunne, wallahi kai da ka rubuta ma sai ka yi tagumi. Daga baya IBM sun sassauta, yanzu ana rubuta shi a sake.

PL/I na 1964 gajere ne, JIMLA = BUHU * KUDI; an gama. Matsalarsa bai keɓe kalmominsa ba, kana iya sa wa lambarka suna IF ko THEN ya karɓa, to ka ga mugun marubuci zai iya dama maka kunu.

Sai dBASE da 'yan'uwansa Clipper da FoxPro, waɗanda mu da muka koyi kwamfuta da fulofi muka fi sabawa da su. REPLACE ALL JIMLA WITH BUHU * KUDI, layi ɗaya ya bi duk tebur ya cike. Ni har gobe ina jin daɗinsa.

To yanzu ainihin gwajin. Buga duka huɗun a takarda ka kai wa wanda bai taɓa rubuta kod ba amma ya san lissafi, akawu ko mai POS na bakin layi, ka ce ya faɗa maka me kowanne ke yi, kai kuma kana duba agogo. Bayan nan ka ɓata wuri ɗaya da gangan, ka mayar da sau ya koma tarawa, ka ba abokin karatunka ya nemo. Wannan na biyun ya fi muhimmanci a wurina, don yawancin aikin tsohon kod gyara ne, ba sabon rubutu ba. Mu da muka yi, akawun ya gane COBOL da dBASE nan take, RPG kuwa ya juya takardar ya ce ko rasit ne.

Maganar farin jini ita ce inda ɗalibai ke faɗawa rami. TIOBE, jerin da ke nuna farin jinin yarukan kwamfuta, yawan sakamakon bincike a intanet yake ƙirgawa, kuma a 2024 COBOL ya leƙa cikin 20 na sama. A ƙuri'ar 2024 ta Stack Overflow kuwa, wato dandalin tambayoyin masu rubuta kod, masu amfani da shi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Duka biyun ba ƙarya suka yi ba, abin da suke aunawa ne daban, kuma kod ɗin banki da inshora a kulle yake, ba za ka gan shi a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ba. Saboda haka ka ƙara da tallan neman ma'aikata, ka rubuta sunan kowane yare a LinkedIn ka ƙirga, ka duba ƙasar da aikin yake. Ka kuma duba ko mai yaren na raye da shi, Visual FoxPro a kan na 9 ya tsaya, Microsoft suka ce ba na 10, alhali IBM na ci gaba da fitar da sabon COBOL da RPG. A 2020 lokacin korona har gwamnan jihar New Jersey ta Amurka a lokacin, Phil Murphy, ya fito yana cigiyar masu COBOL saboda na'urar biyan marasa aiki ta sha ƙarfinsu.

A takardar asaimen ɗin ka ja layi biyu daban, ɗaya na karantuwa ɗaya na kasuwa, kar ka haɗa su maki ɗaya, kuma duk lambar da ka ɗauko ka sa watan da shekarar a gefenta don jerin TIOBE duk wata yake canzawa.