Kurakuran da ke kashe shirin kiwon lafiya a makarantu da unguwanni

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a sauke kwalayen magani a makaranta iyaye ba su da labari. Yaro ya koma gida ya ce, "Umma, yau an ba mu ƙwaya," kafin la'asar magana ta zaga unguwa da ƙarin gishiri. Duk wanda ya tuna Kano a 2003 ba ya wasa da wannan. An dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai 2004, lokacin cutar ta riga ta tsallaka wasu ƙasashe. Sai da aka jawo sarakuna da malamai a jiki sannan aka kamo bakin zaren. To, a fara da mai unguwa da liman, a yi sanarwa a masallacin Juma'a, a kuma tura mata su shiga gidaje, tunda iyakar namiji zaure.

Sai batun maganin tsargiya, praziquantel. Yara da yawa suna zuwa aji ba su karya ba, a jera su da sassafe a ɗura musu. Ba a jimawa wannan na jiri, wancan na riƙe ciki, wata ta yi amai a bakin ƙofa. Gobe rabin ajin ba za su zo ba. Wannan magani yana son ciki da abinci, ko da koko da ƙosai ne, kuma da sandar awon tsayi ake sanin ƙwaya nawa za a ba kowane yaro, ba da ƙiyasin ido ba. A kuma faɗa musu gaskiya: fitsarin jini ciwo ne, ba alamar balaga ba, kuma wanda ya koma wanka a kududdufi zai sake kwasowa.

Akwai kuma masu ƙirga yaran da ke rajista kaɗai. Almajiri fa? Yarinyar da ke talla fa? A je tsangaya a gaida alaramma, a leƙa Islamiyya da yamma.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, na kwana uku ne a kowane wata. Ma'aikaciya ta ba da na ranar farko, ta bar wa uwa sauran. Nan ake yin ɓarna: uwa ta ƙulle su a leda, wai sai jikinsa ya yi zafi. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya zauna ya gaya mata rigakafi ne. A yi bayani a natse, a kuma dawo a duba.

Wankin hannu kuwa ya zama biki. Ranar 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya, a kawo sabon bokiti da sabulu, a ɗauki hoto, bayan mako guda bokitin na ofishin hedimasta. Gara jarka a rataye a reshe kusa da banɗaki, da igiyar da ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo, a ɗora wa aji ɗaya cika ta kowace safiya. Ranar da sabulu ya ƙare, a ajiye toka.